Dubu 85 da tsohuwar Dell: littafin gyaran kwamfutar gidanmu

Asabar, 16 ga Agusta, 2025

Yau na kwashi adashi, naira dubu 85 cif. Tun da azumi na ƙudura cewa in kwasata ta zo, kwamfutar falo zan taɓa, don ta kai matsayin da in na kunna ta sai in je in yi alwala in dawo ba ta gama wartsakewa ba. Na buɗe wannan littafi ne don kada kuɗin su zurare ban san inda suka bi ba, kamar yadda na bara suka yi.

Kwamfutar girke ce, Dell OptiPlex 7010, siririyar nan da ake kwantarwa a ɗora monita a kanta. Ƙirar 2012 ce, ni kuma 'yar Baljam na saye ta a 2019. A cikinta akwai furosesa (ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki) Core i3-3220, RAM (ma'ajin wucin gadi na aikin da ke buɗe) 4GB, guda biyu masu 2GB, faifan ajiya mai juyawa na 500GB, da Windows 10. Da ita nake buga tambayoyin jarrabawa, in haɗa sakamakon ɗalibai a Excel, in kuma zana katin ɗaurin aure da na walimar sauka a CorelDRAW, wanda shi ne ke kawo na cefane in wata ya yi nisa. Uwargida ma tana da lissafin masu bashin atamfa a ciki.

Da magariba kowa ya kawo nasa ra'ayin. Babban ɗana, mai shekara 14, katin hoto, wato na'urar da ke ƙara wa kwamfuta ƙarfin nuna hoto, yake so a saya, wai wasan ƙwallonsa yana tsalle-tsalle. Ni zuciyata tana kan furosesa Core i7, don sunan kawai yana min daɗi a kunne. Uwargida ta ce, "Malam, ka sayar da ita ka cika ka sayi tafi-da-gidanka mana. Abin da ba ya aiki sai an kawo wuta, ina amfaninsa a unguwar nan?" Ban amsa mata ba, don maganarta akwai ƙamshin gaskiya.

Lahadi, 17 ga Agusta

Na kira ƙanena da ke aikin kwamfuta a Kaduna na karanta masa jerin abin da nake son saye. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Yaya, ka je kemis za ka sayi magani, amma ba ka faɗa min ciwon ba." Ya sa na danna Ctrl da Shift da Esc lokaci guda, Task Manager ya fito, ya ce in buɗe duk abin da na saba buɗewa in zuba ido.

Abin da na gani ya ba ni kunya. Da na buɗe CorelDRAW da Excel da shafi shida na Chrome, furosesar da nake zargi bai wuce kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari ba, yana hutawarsa. RAM ta cika har 3.5 cikin 4. Faifan ajiya kuwa ya maƙale a 100, ba ya sauka ko na daƙiƙa ɗaya. Ƙanena ya yi min bayani: in RAM ta cika, Windows kan juye abin da ya rage a kan faifai ya riƙa ɗebowa daga can, faifan kuma shi ne mafi nawa a duk cikin akwatin, tunda allura ce ke bin faranti mai juyawa tana neman bayani. Ke nan ciwo biyu ne suke ciyar da juna, furosesa kuma ba ruwansa.

Na auna da agogon waya. Daga danna maɓalli zuwa lokacin da zan iya buɗe Word: minti 3 da daƙiƙa 40. Buɗe CorelDRAW: minti 1 da daƙiƙa 15. Na rubuta ne don gobe kada in yaudari kaina.

Ya kuma sa na sauke CrystalDiskInfo, wata 'yar manhaja kyauta da ke duba lafiyar faifai. Alamar ruwan ɗorawa ta nuna, wato gargaɗi: wasu sassan faifan sun fara lalacewa. Ya yi aiki sama da awa dubu 31. Aikin shekara shida yana kwance a kan abin da ya fara ruɓewa, kuma ba ni da kwafinsa ko'ina. Daren nan ban kwanta ba sai da na juye takarduna a faifan waje da na aro wurin maƙwabcina.

Laraba, 20 ga Agusta

Kwana uku ina juya wani zance da ƙanena ya jefo a ƙarshen hirarmu. Ranar 14 ga Oktoba mai zuwa Microsoft zai daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro. Windows 11 kuma yana buƙatar furosesar Intel zubi na 8 zuwa sama, da abin tsaron nan TPM 2.0. Tawa zubi na 3 ce, TPM ɗinta 1.2. Ko na sa mata i7 mafi girma da ramin furosesarta zai ɗauka, ba za ta shiga sahu ba.

To ashe tambayar ba "me zan ƙara mata" ba ce kaɗai. Har da "nawa ya kamata in binne a cikin abin da kwanansa ya kusa". Na tambayi kuɗin 'yar Baljam mai zubi na 8, irin OptiPlex 3060 mai i5-8500, aka faɗa min abin da ya haura dubu 200. Dubu 85 ba ta kai ko rabi.

Sai na raba takarda gida biyu. A dama, kayan da za su bi ni duk inda na koma: SSD, wato ma'aji mai sauri da ke maye gurbin faifai mai juyawa, da duk wani abu na kare wuta. A hagu, kayan da za su mutu tare da wannan akwati: RAM ɗinta DDR3 ce, masu zubi na 8 kuma DDR4 suke ci, ko a rami ba za ta shiga ba; furosesarta ma ramin LGA1155 ne, an daɗe da barin sa. Shawarar da na yanke: mafi yawan kuɗin su tafi dama, hagu kuma kada ta ci fiye da dubu 30.

Wannan lissafi shi ya kashe maganar i7-3770. Kusan dubu 40 ake faɗa, rabin jarina ke nan.

Asabar, 23 ga Agusta

Na shiga titin Beirut, inda ake sayar da kayan kwamfuta, da hantsi. Shago biyar na zaga kafin in ciro ko sisi.

A na uku wani matashi ya ja ni gefe ya nuna min SSD wai na 1TB a kan dubu 22, alhali na 256GB mai suna ana faɗar dubu 30 zuwa sama. Na karɓa na jijjiga, ba nauyi, kamar kwalin ashana da aka ƙarar. Sunan da ke jiki ban taɓa jin sa ba. Na ce a jona shi a gwada da H2testw, manhajar da ke cika ma'aji da bayani har baki sannan ta karanta ta ga ko girman da aka rubuta gaskiya ne. Ya ce ai gwajin zai ci awanni, kuma shi ba ya buɗe kwali sai an biya. Na ce Allah ya kawo kasuwa. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma na ji labarin irinsu: ana shirya su su nuna 1TB, in ka wuce ɗan abin da ke ciki na gaskiya sai sabon aiki ya riƙa hawa kan tsoho yana shafe shi, ba tare da ka sani ba.

Na sayi SSD na 256GB, mai inci 2.5, mai bakin SATA, sabo a kwali, wurin wani dattijo da ya rubuta min rasit da garantin wata uku ba tare da na roƙa ba. Ya fara da dubu 33, muka tsaya a N29,000. Ya tambaye ni ko irin siririn nan na NVMe nake so, na ce kwamfutata ba ta da raminsa, ya ce madalla da wanda ya san kayansa. Na ji daɗi fiye da yadda ya kamata.

Na so 512GB, amma duk aikina na shekara shida bai kai 90GB ba. Sauran abin da ya cika tsohon faifan bidiyon biki ne da ba wanda ke kallo.

Batirin CR2032, ɗan faifan nan kamar kwabo da ke riƙe agogon kwamfuta: N500. Nata ya daɗe da mutuwa, kullum sai na gyara kwanan wata da hannu. Adaidaita zuwa da dawowa: N1,200. Saura N54,300.

Lahadi, 24 ga Agusta

Ranar wahala.

Buɗe akwatin ba wuya, sakata ɗaya ce a gefe. Abin da na tarar a ciki kuwa, ƙurar hunturu shida ce ta zama kamar bargo a jikin fanka. Na fitar da ita tsakar gida, ɗana yana riƙe da fankar da yatsa kada ta juya, ni ina busawa da bulowar da na aro wurin mai gyaran janareta. Uwargida ta kwashe shanyarta tana mita.

Na zare tsohon faifan, na jona SSD a wayoyinsa guda biyu, ta wuta da ta bayani, na tabbatar ta bayanin tana ramin da aka rubuta SATA0 a jikin bod, wato babban allon da komai ke jone a kansa, don shi ne mai cikakken gudu. Gurbin na faifai mai inci 3.5 ne, sabon ya yi masa kaɗan, sai na ɗaure shi da robar ɗaure waya guda biyu. Ba abin da ke motsi a cikin SSD, don haka ba ya tsoron karkata.

Na sayi data ta N5,000 na sauke Windows 10 a filash mai 8GB tun daren jiya. Na danna F12 yayin tashi, na zaɓi filash, komai ya tafi daidai. Yana kashi 64 aka ɗauke wuta.

Na zauna ina kallon baƙin gilashi. Aka dawo da ita bayan la'asar, na sake daga farko, na goge abin da ya fara rubutawa. Wannan karon ya wuce kwafi, yana tsakiyar sake tashi na biyu, hadari ya taso, aka sake ɗaukewa. Ɗana ya buɗe baki zai yi magana, ya kalli fuskata, ya fasa.

Bayan isha'i na ɗauki akwatin a kafaɗa na kai gidan maƙwabcina mai sola. Minti 25 aka gama. Ya ce, "Malam, kai da kake sayen kayan gudu, ka fara sayen abin da zai hana ta faɗuwa mana." Na ce ai kun haɗa baki da uwargida.

Talata, 26 ga Agusta

Sabon awo. Tashi: daƙiƙa 24. CorelDRAW: daƙiƙa 11. Na sake gwadawa sau uku don ban yarda ba. Furosesa ɗaya, RAM ɗaya, abin da ya canja kawai faifai. Lasisin Windows ya dawo da kansa da na jona intanet, tunda nau'in da ke kai a da shi na sake sakawa.

Amma na yi ɓarna biyu. Ta farko, na kwafi takarduna ban kwafi jakar salon haruffa ba, duk katin da na buɗe sai rubutun ya koma wani iri, wasu ma ƙ da ɗ da ɓ sun zama akwati-akwati. Ta biyu ta fi muni: lissafin bashin uwargida yana ƙarƙashin nata sunan ne a Windows, ni kuma nawa kaɗai na juye. Da ta tambaya, na ce yana nan, alhali gabana yana faɗuwa. Sai da ta fita unguwa na sake buɗe akwatin, na cire wayar bayani daga na'urar DVD na jona tsohon faifan, na ari wayar raba wuta wurin maƙwabci, na kwaso duka biyun. Allah ya rufa asiri ban yi masa fomatin ba, kamar yadda na so yi ranar Lahadi. Yanzu yana cikin durowa a naɗe da leda, ba mai taɓa shi.

Na kuma ƙara kibod ɗin Hausa daga cikin saitin harshe na Windows, in na danne Alt na dama da k sai ƙ ta fito. Shekara shida ina kwafo haruffan nan ɗaya bayan ɗaya daga wata tsohuwar takarda.

Asabar, 30 ga Agusta

Ban je kasuwa ba, ruwa tun asuba. Na shigar da sunayen ɗaliban sabon zango. RAM har yanzu tana cika, amma kwamfutar ba ta sandarewa kamar da.

Litinin, 1 ga Satumba

Yau na yi abin da na hana kaina. Wani da nake gani a sitatus yana tallan kayan kwamfuta ya saka RAM DDR3 mai 4GB guda biyu a N9,000 duka, a kasuwa kuwa ɗaya ana faɗar dubu 6 zuwa 7. Na yi masa tiransifa, ɗan acaɓa ya kawo min a N800.

Na zare waya daga soket, na danne maɓallin kunnawa don sauran wutar ta fita, na taɓa ƙarfen akwatin, na danna su a ramuka biyun da suka rage har suka yi ƙas. Na kunna. Fanka ta juya, gilashi baƙi, fitilar maɓalli tana ƙifta ruwan goro. Na canja musu rami, haka. Na cire tsofaffin na bar sababbin kaɗai, haka. Na mayar da tsofaffin kaɗai, ta tashi lafiya lau. Aƙalla ban ƙona komai ba.

Na ɗauki hoton takardar da ke jikinsu na tura Kaduna. Amsar ta zo da dariya: "Yaya, karanta harafin ƙarshe." An rubuta PC3-12800R. Tsofaffin nawa kuma PC3-12800U. Wannan R ɗin na nufin RAM ce ta manyan kwamfutocin saba da ake girkewa a kamfanoni, tana da wani ƙarin guntu a tsakiyarta da bod irin nawa bai san yadda zai yi magana da shi ba. Tsawonsu ɗaya, ƙafafunsu 240 duka, tsagar ma wuri ɗaya, shi ya sa take shiga rami ba gardama. Da na kara su kusa da juna a hasken taga na ga bambancin da idona: ta saba ta fi yawan ƙwayoyi, ga kuma ɗan guntun a tsakiya. Arahar ma dalilinta ke nan, ana kwaso su da yawa daga tsofaffin saba, masu sayensu kuma kaɗan ne.

Na kira mai kayan. Ya ce shi DDR3 na tambaya, DDR3 ya ba ni. Abin haushin, bai yi ƙarya ba.

Alhamis, 4 ga Satumba

Kwana uku ana ja-in-ja a waya. Ya ce ba ya mayar da kuɗi, amma zai canja min da masu U in cika N4,000. Na ce sai dai in zo da kwamfutar a gwada a gabana. Na naɗe ta a zanin gado na hau adaidaita, N1,400 zuwa da dawowa. Aka saka, ta tashi, ta nuna 12GB.

RAM ta tashi a N13,000, wato daidai kuɗin kasuwa, ga N2,200 na zirga-zirga a kai, ga ɓacin rai kyauta.

Da dare na bar MemTest86, mai gwada lafiyar RAM, yana gudu daga filash a gidan maƙwabci har asuba. Ba kuskure ko ɗaya. Saura N34,100.

Asabar, 6 ga Satumba

Shafi 15 na Chrome, CorelDRAW, Excel, duk a buɗe: RAM tana 7 cikin 12. Ɗana ya ce wasansa bai canja ba. Gaskiyarsa.

Juma'a, 12 ga Satumba

Auta ta kwana da zazzaɓi, gwaji ya nuna maleriya. Gwaji da magani N11,500, daga kuɗin kwamfuta na cira. An kuma koma makaranta, ga littattafai. Aiki ya tsaya.

Asabar, 20 ga Satumba

Auta ta warware, alhamdu lillahi. Na samu aikin katin biki da takardun walima, na mayar da N11,500 ɗin wurinsu.

Yau na zaunar da ɗana kan maganar katin hoto, don na lura ya fara ganin kamar an mayar da shi saniyar ware. Na buɗe akwatin na nuna masa maimakon in yi ta faɗa da baki. Na farko, siririya ce, sai katin da aka yi mai gajeren ƙarfe ne zai shiga a rufe murfi. Na biyu, na sa ya karanta abin da ke jikin fawa-fak, wato akwatin da ke ba kwamfutar wuta: wat 240, kuma babu ƙarin wayar da manyan katuna ke sha. Ke nan zaɓinmu bai wuce irin GT 1030 mai cin wat 30 ba. Shi ma iri biyu ne da suna ɗaya, mai GDDR5 da mai DDR4, na biyun ya fi rauni nesa ba kusa ba, kuma a kasuwa ba kowa zai faɗa maka wanne ya miƙo maka ba. Na uku, monitarmu bakin VGA gare ta, yawancin katunan nan kuma HDMI da DVI suke da shi, sai an ƙara sayen abin juyawa. Kuɗin da aka faɗa min na katin kaɗai ya ninka abin da ya rage a hannuna.

Ya yi shiru, can ya ce, "Baba, to in ka sayi sabuwar, wannan tawa ce?" Na ce in ya ci jarrabawa. Ya ce a rubuta a littafin nan. Ga shi na rubuta.

Lahadi, 28 ga Satumba

Ƙanena ya aiko min da tsohuwar UPS mai 650VA, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, da ofishinsu ya yar, ta hannun direban motar Kaduna. Na ba yaron tasha N500. Ba ta riƙe wuta ko daƙiƙa biyar, amma ya ce batir ne kawai. Na kwance ta, ga batir ɗaya mai 12V 7Ah ya kumbura kamar burodi.

Wurin saye na nemi a auna min da mita a gabana, don batirin da ya daɗe a shago yana mutuwa ko ba a taɓa amfani da shi ba. Na farko ya nuna ƙasa da 12, na ce a'a. Na biyu 12.8, na ɗauka. N17,000, adaidaita N1,200. Wannan ne kaya na biyu mafi tsada a duk aikin, kuma bai ƙara wa kwamfutar gudun ko daƙiƙa ɗaya ba. Na yi jim kafin in miƙa kuɗin.

Na bar ta a caji yini guda, sannan na zare filogi da gangan. Kwamfuta da monita sun yi minti 9 tana kuka kafin ta mutu. Ya ishe ni in adana aiki in kashe cikin mutunci. Firinta ban jona a kanta ba, ƙanena ya ce mai leza ce, jan wutarta zai durƙusar da UPS ɗin.

Saura N15,400.

Laraba, 1 ga Oktoba

Hutu. An ɗauke wuta sau uku ina tsakiyar kati, ban rasa komai ba. Uwargida ta ce ai da ma ta faɗa. Ba haka ta faɗa ba, amma na bar ta.

Asabar, 4 ga Oktoba

Na daɗe ina shawara ko in bar furosesa yadda yake. Yanzu da faifai da RAM suka daina riƙe shi, shi ne ke kaiwa 100 duk lokacin da nake fitar da kati mai hotuna da yawa zuwa PDF, ko ina matse bidiyon walima. i3-3220 ƙwaya biyu gare shi, i5-3470 kuma huɗu, kuma rami ɗaya suke shiga. Dattijon da ya sayar min da SSD ya ba ni i5 ɗin a N12,000, man furosesa N1,500. Kayan ɓangaren hagu sun tashi N26,500 ke nan, ban ƙetare iyakar dubu 30 ba. Adaidaita N1,200.

Canjin ya fi komai tayar min da hankali, don a irin wannan ramin allurai suna jikin bod ne, ba jikin furosesa ba, sirara kamar gashi, in ɗaya ta lanƙwashe an gama. Na kwance sukurori huɗu na abin sanyayawa, ya ƙi ɗagowa, tsohon man ya bushe ya zama kamar siminti. Sai da na murɗa shi a hankali hagu da dama ya saki. Na ɗaga sakata, na ɗauke tsohon da yatsa biyu, na daidaita ɗan kusurwar zinaren sabon da alamar da ke jikin ramin, na ajiye shi ba dannawa. Na goge tsohon man da auduga da sifirit, na ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, na ɗaure sukurorin a gicciye kaɗan-kaɗan.

Na kunna, sai ga rubutun gargaɗi cewa fankar furosesa ba ta aiki. Na kashe da sauri har na buge kofin shayi. Wayar fankar ce na manta ban mayar ba, tana lilo a gefe. Na jona, ta tashi.

Katin da ke ɗaukar daƙiƙa 50 kafin ya fita yanzu 31. Tashi da buɗe manhaja kuwa ba wani bambanci da zan iya rantsuwa a kai. Da wannan na fara saye a watan Agusta kamar yadda raina ya so, da na ce an cuce ni. Zafinsa yana kaiwa 72 in yana aiki sosai, tsohon bai kai haka ba, amma shi wat 77 ne, wancan 55. Zan sa ido in zafin Maris da Afrilu ya zo. Tsohon i3 na naɗe shi na ajiye kusa da tsohon faifai.

Saura N700.

Talata, 14 ga Oktoba

Yau ce ranar. Kwamfutar ta tashi kamar kullum, ba abin da ya fashe. Tun makon jiya na shigar da ita shirin ƙarin wa'adin tsaro na Microsoft, wanda ake kira ESU. Sharaɗinsa Windows 10 ɗin ya zama 22H2, ka shiga da asusun Microsoft, sannan ko ka biya dala 30 ko ka yarda a riƙa adana saitinka a asusun, kyauta. Na zaɓi na kyauta. Zai kai ni 13 ga Oktoba, 2026.

Wani abokin aiki ya ce akwai dabarar tilasta Windows 11 a kan tsofaffi, shi ya yi wa tasa. Ban yi ba. Kwamfutar da ke riƙe da sakamakon ɗalibai da bashin uwargida ba wurin gwaji ba ce. Ƙanena kuma Linux Mint yake ta tallata min a madadin Windows, na ce ya fara nemo min yadda CorelDRAW zai yi aiki a kai tukuna.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Lissafi: SSD 29,000, RAM 13,000, batirin UPS 17,000, furosesa da mai 13,500, data 5,000, batirin agogo 500, zirga-zirga 6,300. Jimla N84,300. Da N700 ɗin na saya wa yara rake.

Na shiga sabon adashi, kwasata za ta faɗo wajen Yuli. Abin da nake hari 'yar Baljam mai zubi na 8, kuma wannan karon doguwa mai tsayuwa, don katin hoto na sosai ya samu wurin shiga. SSD da UPS za su koma can. Kafin nan akwai abu biyu: in mayar wa maƙwabci faifansa, wanda ke nufin sai na sayi nawa na ajiye kwafi, sannan in samo ƙyalle mai kauri uwargida ta ɗinka wa akwatin riga kafin iskar hunturu ta fara. Na auna mata tsawo da faɗi, ta ce sai na biya kuɗin ɗinki.